Tsofaffin waƙoƙi a faifan sidi: wanne za ka saya, wanne za ka bari a shago?

Kawuna yana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano wadda rediyonta bai san komai ba sai faifai. Da ya yi ritaya, zaman gida ya fara isarsa, sai ya ba ni kuɗi ya ce in samo masa Shata da Ɗanƙwairo a faifan sidi, wai ya gaji da jin kalangu a bakin waya kamar ana kaɗa gwangwanin madara. Na shiga cikin gari, na samo faifai uku a wani shago. Da yamma muka zauna a motar a ƙofar gida, ya sa na farko, ya saurara kamar minti biyu, sai ya juyo ya ce, "Kai yaro, wannan ai kaset ɗina ne na da, har inda zaren ya tauna ga shi nan." Gaskiyarsa. Daidai wurin da 'yan amshi za su karɓa sai muryar ta nutse ta taso, alamar zaren kaset da rediyo ya taɓa cinyewa aka warware da biro.

Tun ranar nake amsa tambayar nan da wata tambayar. In mutum ya ce mini, "Shin sayen tsofaffin waƙoƙi a sidi ya fi turi a memori?" sai in ce masa, waƙar wa, kuma daga ina aka zubo ta a faifan? Sidi mazubi ne kawai. Ludayi ba ya ɗebo abin da babu a tukunya.

Shi kansa faifan ba abin rainawa ba ne. Kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar sauti na minti 74 zuwa 80. A kowace daƙiƙa yana riƙe da awon sauti sau 44,100, abin da ya kai kilobit 1,411. Waƙar da ake tura maka a waya kuwa, yawancinta MP3 ce mai kilobit 128, wato kusan kashi ɗaya cikin sha ɗaya na wancan. Yadda MP3 ke samun wannan ƙanƙanta shi ne ta zubar da sassan sautin da aka lissafa kunne ba zai lura da su sosai ba, kuma abin da ta zubar ya tafi ke nan har abada. Saboda haka a takarda sidi ya yi wa turi fintinkau. Matsalar tana wajen abin da aka ba faifan ya riƙe.

Ka duba yadda aka ɗauki waƙoƙin namu tun farko. Mafi tsufa a cikinsu faifan garmaho ne, wanda ke juyawa sau 78 a minti, kowane gefe bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Wasu an ɗauke su a gidajen rediyo, musamman na Kaduna da na Kano, a kan manyan tef masu naɗi. Wasu kamfanonin faifai ne suka ɗauka suka buga. Amma kaso mai yawa, watakila ma wanda mutane suka fi so, a filin wasa aka ɗauke su: gidan biki, fadar sarki, wajen dambe, wani ya ajiye rakodarsa kusa da lasifika ya danna. Daga nan kaset ya haifi kaset. Mai shago ya kwafa wa direba, direba ya ba abokinsa ya kwafa, kuma kowane kwafi yana ƙara shuuu ɗin nan na kaset yana rage kaifin muryar. Mamman Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, wato dukkansu sun yi zamaninsu kafin sidi ya zama ruwan dare a Kano. Lokacin da faifan ya cika shagunan Ƙofar Wambai da Bata, tare da bunƙasar finafinan Hausa, abin da akasarin masu shaguna suka yi shi ne jona kaset ɗin da ke hannunsu da kwamfuta, su mayar da shi MP3, su ƙona a faifai. Ba da mugunta suka yi ba, abin da suke da shi ke nan, kuma ba don su ba da wasu waƙoƙin sun ɓace. Sai dai faifan da ya fito ta wannan hanya jikan kaset ne. In ka saye shi kana tsammanin sautin da sidi ya yi suna da shi, ka sayi rariya ne kana neman ta riƙe ruwa.

Akwai wata illa da ba kowa ke lura da ita ba sai wanda kunnensa ya saba. Kaset yana tafiya ne a gudun santimita 4.76 a daƙiƙa, amma tsohon rediyo da bel ɗinsa ya saki, ko batir ya yi sanyi, ba ya riƙe wannan gudu. In wanda aka yi kwafi da shi yana sauri, muryar dattijo sai ta koma ta saurayi, kalangu ya yi tsini. In yana jan ƙafa, waƙar ta yi nauyi kamar mawaƙin bai yi barci ba. A kiɗan da ganga ke magana, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Na taɓa jin waƙa guda a wurare uku, kowacce da tata muryar, har ka rantse mutum uku ne suka yi ta. Faifan sidi zai adana maka wannan kuskure daram, ba ragi ba ƙari.

To, faifan da za ka tarar a kasuwa iri uku ne, kuma rabin shawarar tana wajen iya bambance su.

Na farko shi ne bugun kamfani, wanda 'yan kasuwa ke ce wa orijina. Shi ba ƙona shi ake yi ba. A masana'anta ake danna sautin a jikin robar, a shafa siririn alminiyam a kai, a rufe. In ka juya cikinsa za ka ga fari ne sol kamar azurfa, kuma a zoben da ke kusa da ramin tsakiya akwai ƙananan lambobi na masana'anta. Waɗanda aka buga daga 1994 zuwa sama galibi za ka ga haruffan IFPI a wurin, in ka karkata shi a haske. Irin wannan faifan, in ba a wulaƙanta shi ba, yana yin shekaru da dama. Waɗanda aka buga tun farkon fitowar sidi har yau da yawansu suna yi.

Na biyu shi ne na ƙonawa, wanda kowa zai iya sayen fankonsa ya zuba abin da ya ga dama da kwamfuta. Cikinsa yakan yi ɗan kore-kore, ko shuɗi-shuɗi, ko ruwan gwal, domin wani rini ne a ciki da hasken na'ura ke ƙonawa ya bar alama. Rinin nan ba ya shiri da rana da zafi. A garin da watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ka yi tunanin abin da ke faruwa da faifan da aka bari a gaban gilashin mota daga azahar zuwa la'asar. Wata rana za ka sa shi ya fara tsalle, wata rana na'ura ta ce ba ta ga komai ba.

Na uku shi ne mai ruɗin mutane: faifai ɗaya, an rubuta waƙa ɗari da hamsin a bangonsa. Lissafin ba wuya. Faifan sauti na gaskiya ba ya wuce minti 80. In ka ga an cusa awa goma ko sha biyu a ciki, to fayilolin MP3 ne aka jera, domin megabait 700 na faifan yana ɗaukar kusan awa 12 a kilobit 128. Wannan da memorin da za a tura maka a kasuwar waya ta Farm Centre duk kanwar ja ce, illa faifan yana karcewa, kuma ba kowace tsohuwar mota ke karanta shi ba. Ban ga dalilin da zai sa mai waya ya saye shi ba.

Yanzu a ɗora su a sikeli da turi. Ga tsofaffin waƙoƙinmu na gargajiya, na fada da na jama'a, kukuma da gurmi da kuntigi da amada, abin da ke faifan ƙonawa da abin da ke kwamfutar mai turi yawanci asalinsu ɗaya, sau da yawa ma fayil guda ne. A nan turi ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, ga shi kana iya zaɓen abin da kake so ka bar wanda ba ka so. Amma kada ka ɗauka memori ma'ajiya ce ta har abada. Yana mutuwa ba sallama, ba ya tsalle ya gargaɗe ka kamar faifai. Akwai na jabu da yawa, wanda aka rubuta gigabait 32 a jikinsa alhali cikinsa bai kai haka ba, kana zuba sabo yana cinye tsoho. Ga satar waya, ga yaro ya ɗauka ya goge don ya sami wurin sa wasa. Ga kuma abin da ya fi ba ni haushi, tambarin murya da wasu masu turi ke mannawa a tsakiyar waƙa, ana cikin kirari sai ka ji wani yana tallar shagonsa da lambar waya. A tsofaffin faifai da aka ƙona tun kafin wannan ɗabi'a ta yaɗu, sau da yawa waƙar tana nan ba wannan ƙazanta. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayen wani faifan.

Sauraro ta intanet kuma fa? YouTube yana cike da tsofaffin waƙoƙin Hausa waɗanda masu sha'awa suka ɗora, kuma nan ne wuri mafi sauƙi na gano ko waƙar da kake nema tana nan. Spotify ya shigo Nijeriya a 2021, ga Boomplay da Audiomack. Sai dai a nan haya kake yi, da kuɗin data ko na wata-wata. Wanda ya ɗora waƙa yana iya sauke ta, ana iya rufe shafinsa, ka wayi gari babu. Kuma waɗannan manhajoji sun fi ƙarfi a waƙoƙin zamani. Waƙar da wani makaɗin kotso ya yi wa wani hakimi shekara hamsin da suka wuce, in ka same ta a can sa'a ce, kuma sau da yawa za ka tarar an rubuta sunan wani mawaƙin daban a kanta.

Inda lissafin ke juyewa gaba ɗaya shi ne waƙoƙin waje da Kanawa suka tashi da su. Mutanen da suka yi zamanin silima a garin nan sun san Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar kamar 'yan unguwarsu. Akwai masu Ummu Kulsum ta Masar, akwai masu Muhammad Wardi na Sudan, akwai 'yan boko masu Bob Marley da Don Williams, akwai masu Fela. Da yawa daga cikin waɗannan a situdiyo aka ɗauke su, kamfanoni suka adana tef ɗin asali, kuma daga wannan tef ɗin, ko mafi kyawun abin da ya saura, aka buga sidi. A nan faifan orijina yana ba ka abin da kaset bai taɓa ba ka ba. Ranar da na fara jin wani faifan Bob Marley bugun kamfani a na'ura mai lasifika biyu na ƙwarai, na ji kayan kiɗan da ban san suna cikin waƙar ba, alhali na shekara ashirin ina jin ta a kaset. Ga ɗan littafin da ke cikin kwalin, mai sunayen makaɗa da shekarar da aka ɗauka, abin da turi ba ya zuwa da shi. Irin waɗannan faifai suna shigowa cikin kayan gwanjo, kuma da yake yanzu ba mai rububinsu, wani lokaci mai kayan ma murna yake ka rage masa tarkace. In ka ci karo da su, ka duba cikinsu, ka saya.

Ko a nan ma akwai abin lura. Ba kowane faifan da aka rubuta an sake gyara sautinsa ne ya fi na farko ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, kowa yana so faifansa ya fi na wani tashi. Hanyar da suke bi ita ce matse sautin, a ɗaga wuraren da ke da sanyi har su kusa kamo masu ƙarfi. Da farko sai ka ji kamar ya fi armashi, bayan rabin awa kunnenka ya gaji, domin waƙar ta daina numfashi. Shi ya sa masu tara faifai da dama ke fifita bugun shekarun 1980 da farkon 1990, wanda sai ka ɗan murɗa ƙarar rediyo amma ganga tana faɗuwa da nauyinta. A ɗaya ɓangaren kuma, ga waƙoƙin da aka kwaso daga faifan garmaho, wasu masu gyara kan yi wa ƙarar ƙas-ƙas ɗin wankin da ya wuce kima, su goge ta tare da rabin muryar, mawaƙi ya koma kamar yana waƙa a cikin randa. Ni dai gara a bar mini ɗan ƙas-ƙas ɗin. Ba yadda za a yi ka gane wannan daga bango. A kasuwa an ce gani ya kori ji, amma a cinikin faifai ji ne ke korar gani, don haka ka sa mai shago ya kunna maka, kuma kada ka tsaya a waƙar farko. Ka tsallaka zuwa ta ƙarshe, domin sidi daga tsakiya yake fara karatu ya nufi baki, kuma bakin ne ya fi shan hannu da karcewa.

Wani abin da mutane ke juyawa: sun fi tsoron karcewar cikin faifai, alhali bayansa, inda aka yi rubutu, ya fi haɗari. Ta ciki akwai roba mai kaurin milimita ɗaya da ɗoriya tsakanin hannunka da sautin, ƙaramin karce na'ura tana iya tsallake shi. Ta baya kuwa ɗan siririn shafi ne kawai ya rufe alminiyam ɗin. Ka ɗaga faifan ka kalli fitila ta cikinsa. In ka ga haske yana ɓullowa ta wasu 'yan ramuka ko ta wani layi, wurin ya mutu, ba man goge baki ko wani siddabaru da zai dawo da shi. In za ka share ƙura, ka yi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi da'ira.

Sai maganar abin kunnawa, wadda ita ce ke kashe wa mutane da yawa gwiwa. Sababbin kwamfutocin cinya sun daina zuwa da wurin faifai, sababbin motoci ma haka. Na'urar DVD ta gida tana karanta sidi, kuma har yanzu ana samunta. Amma ƙurar hunturu tana hawa idon na'urar, ga wutar da ake kawowa a ɗauke, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da zai ƙona ta. In ba ka da abin kunnawa kuma ba ka da niyyar saye, maganar ta ƙare, turi ne naka. In kuwa ka damu da waƙoƙin, akwai 'yar na'urar karanta faifai da ake jonawa da kwamfuta ta USB, ana samunta wajen masu kayan kwamfuta irin na titin Beirut. Da ita za ka kwashe faifan zuwa FLAC, wani tsarin ajiya da ke rage girman fayil zuwa kusan rabi ba tare da zubar da komai na sautin ba. Faifai guda yakan ci megabait 300 zuwa 400, ka ga memori na gaskiya mai gigabait 32 zai ɗauki faifai kusan tamanin. Daga nan faifan ya koma kwalinsa, a tsaye, a ɗakin da rana ba ta shiga, kai kuma ka ci gaba da ji a waya. Ka ajiye kwafi na biyu a wani wurin daban, ko da gidan ƙaninka ne.

Akwai masu cewa suna sayen faifai ne don iyalan mawaƙin su amfana. Niyya ce mai kyau, amma a faɗi gaskiya: faifan da aka ƙona a bayan shago ba ya kai ko sisi gidan Ɗan Maraya Jos ko na Barmani Choge, haka turi. In wannan ne damuwarka, sai ka nemi abin da magada ko masu haƙƙin suka fitar da kansu in akwai, ko ka kai alherinka kai tsaye.

Wuri ɗaya ne nake karya dokata ta ƙin sayen faifan ƙonawa, kuma ina karya ta ba kunya. In na tarar da dattijon mai shago wanda ya fara sana'ar tun zamanin kaset, nakan zauna a bencinsa in tambaye shi, "Baba, wannan daga kaset ɗinka ka ɗauko, ko turo maka aka yi?" Masu wannan sana'a sun san kayansu. Wani zai ce maka wannan daga faifan garmaho ya kwafa da hannunsa, wancan kuma wani ma'aikacin rediyo ne ya ba shi tun da daɗewa. In ya ambaci wasan da ban taɓa ji ba, ko wata doguwar ɗauka ta minti ashirin wadda a waya guntunta kawai ke yawo, ina saye ko da cikin faifan kore ne shar, ko da shuuu ɗin ya kai na ruwan sama a kwano. Da babu gara ba daɗi. Abin da nake saye a nan waƙar ce, domin watakila kwafin da ya rage a duniya bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ranar da dattijon nan ya rufe shago, 'ya'yansa buhu za su zuba kayan. Irin wannan faifan a daren da na kawo shi nake kwashe shi, ba na jira gobe, kuma nakan rubuta duk abin da Baba ya gaya mini: wane ne mawaƙin, wa aka yi wa waƙar, a wane gari. In ma ya yarda ya sayar mini da kaset ɗin da ya kwafa daga ciki, shi na fi so a kan faifan, don mataki ɗaya ne kusa da asali, kuma ana iya sake kwafarsa da rediyo mai daidaitaccen gudu ba tare da an bi ta MP3 ba.

Kawu dai bai mayar da faifansa ba. Cikin ukun, biyu sun daina yi kafin damina ta zagayo, don a aljihun ƙofar mota yake barin su. Na ukun, mai zaren da ya tauna, tuni na kwashe shi a kwamfuta, kuma duk lokacin da na hannunsa ya fara tsalle sai in ƙona masa sabo. Na taɓa ce masa zan iya yanke wurin da muryar ke nutsewa in haɗe. Ya ce in bar masa kayansa, a nan yake gane cewa baitin da yake jira ya kusa.